Zomanyar Baba Ta Daina Ci

Cadawa, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Tahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Rahina da yara. Allah Ya tsare ku da zafin Arlit, Ya sa albarka a aikinka. Mu nan sai godiya. Gero ya fitar da kai, ƙanwarmu Balki ta sauka lafiya ta samu mace. Sau uku ina neman ka a waya ba ta shiga, shi ya sa na ba Ɗantala direba wannan takarda, don maganar ta fi ƙarfin in riƙe ta ni kaɗai.

Ka tuna zomaye biyun da ka kawo wa Baba bayan rasuwar Inna, lokacin da ya daina fita ko ƙofar gida. Su suka tashe shi. Kullum da hantsi sai ya dogara sanda ya je ya tsinko musu ganyen dankali, har ya raɗa musu suna, Ɗantoka da Gajera. Ba ka taɓa ganin ɗaya ba ɗaya, tare suke ci, kai da kai suke kwanciya. To, yau kwana shida, da safe bayan an yi ruwa, na je zuba musu dusa na iske Ɗantoka ya sandare, wuyansa a kumbure. Ga sawun maciji a kan jiƙaƙƙen yashi, ya fito daga akurkin ya shige ƙarƙashin rumbu. Gajera tana manne da gawar tana lasar kunnensa. Maigidana Bakari da maƙwabta sun ɗaga itace, sun yi hayaƙi, sun tone duk ramin da suka gani, ba a same shi ba. Har yau ba a same shi ba.

Ni kuwa don tsoro na fizge gawar na binne nan take. Tun daga ranar Gajera ta juya fuska ga bangon akurki. Dusa ba ta taɓawa, ganye sai ya bushe a gabanta, in kaza ta gifta sai ta buga ƙafa jikinta yana rawa. Rana ta biyu na je wajen Malam Tala mai duba dabbobi a kasuwa. Ya ce zomo ba kamar akuya ba ne, in ya daɗe bai ci ba cikinsa tsayawa yake, daga nan sai mutuwa. Ya ce da na sani na bar mata gawar na ɗan lokaci ta shinshina ta gane ya tafi, don yanzu jiransa take. Ya koya mini dama dusa ruwa-ruwa in ɗura mata da sirinji marar allura, kaɗan-kaɗan, ya ce a zauna kusa da ita, kuma kada a yi gaggawar jefa mata sabon namiji, sai dai a aje shi a nasa keji da raga tsakaninsu har su saba. Dija mai kawo mana nono ita ma ta ce haka suke wa saniyar da ɗanta ya mutu, ba a barin ta ita kaɗai.

Amma Yaya, ba Gajera ce ta fi tayar mini da hankali ba. Baba ne. Tun da ya ji a zauna kusa da ita, sai ya shimfiɗa buzu a ƙasa gindin akurkin, taku uku daga rumbun nan, daga hantsi har la'asar. Ka san idonsa, ko igiya ba ya bambancewa da maciji. Ni ko tsumma na gani a tsakar gida sai gabana ya faɗi. Ga shi furarsa yadda na kai haka nake ɗaukowa. Da na matsa masa sai ya ce in ƙyale shi, wanda aka bari baya ba a yi masa dole da abinci, shi ya san abin da ke wuyan Gajera. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, sai na zagaya bayan madafa na yi kukana. Ina tsoron in ta mutu ya koma ɗaki kamar bara, kuma wannan karon ban san me zai fito da shi ba.

Jiya na yi dabara. Na ce masa warin macijin ne ke hana ta ci, saboda ita ya kamata a tashi daga wurin. Sai ya yarda. Bakari ya ɗora akurkin bisa tubali a ƙofar ɗakin Baba, na sa mata buhun da Ɗantoka ke kwanciya a kai, Baba kuma ya koma kujera. Yau da safe ta matso ta ɗan gutsuri zogale a hannunsa, shi ma ya nemi kunu ya sha rabin kofi. Ban saki jiki ba, har yanzu ƙashin bayanta a waje yake, kuma ɗan tsako ɗaya ya ɓace mana shekaranjiya.

Roƙona biyu ne. Ka hau inda waya ke kamawa ka kira Baba, kada ka yi masa zancen abinci, Gajera kawai za ka tambaya. Sannan ka gaya mini wurin wa ka samo su a Gidan Rumji, Bakari ya je ya duba mana namiji mai sanyin hali.

Ka gaida Rahina da Faruku da ƙaramar Inna. Bakari da Balki da Kawu Sale suna gaishe ka. Baba ma yana gaishe ka, ya sa maka albarka. Da na karanta masa inda na ce ta ɗan gutsuri zogale, ya ce ban faɗi daidai ba, ganye biyu da rabi ta ci, in rubuta haka kada in ci mata haƙƙi. To, ga shi na rubuta. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hafiza