Ɗinki Biyar a Goshina

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Ina fatan Damagaram lafiya.

Kada ki tsorata, ɗinki biyar ne a goshina. Na kama ɗalibina a jami'a yana satar amsa, na tsawata masa gaban aji, yadda malamanmu na gida suke yi. Ashe ya ƙullace ni. Ranar Talata ya tare ni a Bata, nan cikin Kano, ya finciko ni daga adaidaita, ya rotsa min kai da dutse yana cewa, "Baƙuwa, koma ƙasarku!" Mama Nkechi, mai shago a Sabon Gari, ita ta ɗaure min kai da ɗankwalinta.

Abokan aiki sun ce in yi shiru. Na ƙi, na kai ƙara. Gobe da bandejina zan shiga aji.

Kada Inna ta ji. Ki sa ni a addu'a, ki gaida Kawu.

Ƙanwarki,
Zara'u