Na haɗe gida biyu a fom, laifin ya faɗa kan dattijo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni mace ce mai aure, ina da ɗan shagon kwamfuta a ƙofar gidanmu a yankin Tudun Wada, ina buga katin biki da takardun makaranta da fom na 'yan kasuwa. Da kyar dangin mijina suka bari na buɗe shi, har yau akwai masu jiran su ga faɗuwata. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne ciyaman na kwamitin kara, wato wurin cinikin shanu, a wata kasuwa da ba zan faɗi sunanta ba. Bara suka yanke cewa duk wanda ya sayi sa ko saniya sai an ba shi takardar shaida, saboda masu bi ta dajin Falgore ana tare su a tambayi asalin dabba. 'Yan kwamiti suka ce a kai aikin Kano, Kawu ya kafe ya ce ga 'yarsa nan ta iya.

Wanda ya kawo mini samfurin wani dattijo ne, kowa Baba Malam yake ce masa, shi ne marubucin kara tun kafin a haife ni. Da rula ya zana tebur a takardar littafi, gida bakwai, sunan mai sayarwa, mai saye, dillali, kwanan wata, irin dabba, launi, sai gida na ƙarshe mai faɗi na tsagar kunne da tambarin wuta da yanayin ƙaho. Kawu kuma ya ce a yi shi a rabin takarda yadda zai shiga aljihu. Na zauna ina jan layi a kwamfuta, in na faɗaɗa wannan gida wancan ya matse, rubutun kan tebur ya kakkarye, gidan ƙarshe ya fita daga shafi. Ni kuma Allah ya yi ni da gajen haƙuri. Kawai na haɗe gidan launi da na alamomi suka zama ɗaya, na rubuta "Kamanni" a kai, tebur ya zauna ɗas, har ina yabon kaina. Da na kwantar da shafin a gicciye da duk sun shiga, na san haka sarai, ƙyuya ce kawai ta hana ni sake aikin.

Da Baba Malam ya zo karɓa ya ƙirga gidajen da yatsa, ya ce 'yata ina gidan tsagar kunne? Wallahi ko ƙifta ido ban yi ba na ce masa kwamfuta ba ta karɓar gida bakwai. Ya gyaɗa kai ya ce to tunda na'ura ce ta ƙi ai ba yadda za a yi, ya sa mini albarka ya tafi. Gidan "Kamanni" kuwa kalma ɗaya yake ci, sai ya riƙa rubuta fari, ko ja, ko baƙi.

To sati biyu da suka wuce wani Bafulatani ya sayi farin bijimi a karar, yana kora shi gida 'yan sintiri suka tare shi wajen Doguwa, an yi cigiyar farin bijimi da aka sace. Ya nuna takarda, suka ce "fari" kawai aka rubuta, farin sa kuwa ko'ina akwai shi. Kwana biyu yana tsare, an kira shi ɓarawo a gaban jama'a, sai da dillali ya je ya rantse aka sake shi. Danginsa suka ce sun daina kawo shanu karar sai an cire wanda ya rubuta takardar banza. Kwamiti ya zauna, aka ce Baba Malam ya tsufa ya zama rago. Mutumin nan bai ambaci sunana ba, don har yanzu ya yarda na'ura ce ta ƙi, cewa ya yi da ya matse rubutunsa da alamomin sun shiga.

Na je na faɗa wa Kawu gaskiya, ya yi mini faɗan da bai taɓa yi mini ba, sannan ya ce in ja bakina in yi shiru. Wai in maganar ta fito za a ce son kai ne ya sa ya ba 'yarsa aikin da ba ta iya ba, kujerarsa ta tafi, shagona ma a rufe. Na ce to Baba Malam fa, ya ce ai dama ya kusa hutawa. Mijina ma da na gaya masa cewa ya yi bakin alƙalami ya bushe, kar in jawo masa surutun dangi. Gaba kura baya sayaki, ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Yau da hantsi sai ga Baba Malam a shagona da wata takarda a hannu. Ya ce kwamiti ya ce ya rubuta wasiƙar amsa laifi da ajiye aiki, za a karanta a kara ranar kasuwa, shi kuma hannunsa na rawa, in taimaka in buga masa da kwamfuta don ta fito da kyau, kar a yi masa dariya. Jama'a, na buga masa. Yana zaune a benci yana faɗa ina rubutawa, har da "sakacina ne ya jawo wa bawan Allah wulaƙanci". Da na gama na ce masa firinta ta lalace ya dawo gobe, ƙarya ta biyu ke nan da na yi masa.

Gobe da safe zai dawo, jibi kasuwa. In na yi magana na kayar da Kawu na rufe shagona da hannuna, kuma ban ma san ko za su mayar da dattijon ba. In na yi shiru ni zan miƙa masa takardar ya sa hannu. Don girman Allah ku faɗa mini, in fitar masa da wasiƙar nan a firinta ko in bi shi kara in tsaya gaban mutane in ce ni ce?