RAM ɗin Kawu Yamusa

Gwagwalada, Litinin

Ƙawata Sumayyah,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya mutanen Jabi? Na san in an kira ki a ofis ba kya ɗauka, shi ya sa na rubuto.

Ina cikin wahala. Ranar Asabar Mama za ta cika shekara saba'in, ni ce mai haɗa bidiyon da za a nuna mata bayan addu'a. Kowa ya turo gaisuwarsa, har yayana Divine da ya shekara shida a waje bai zo gida ba. Kwamfutata tana nauyi, aka ce in ƙara mata RAM, ƴan sandunan ƙwaƙwalwar nan da ake soka mata a ciki don ta ƙara sauri. Na ƙara. Sumayyah, gara jiya! Yanzu bakin Divine yana motsi, muryarsa tana biyo baya kamar an bar ta a tasha. Sau uku tana mutuwa kafin aikin ya kai rabi.

Ke ce oga a wannan harka, ki cece ni.

Taki,
Magdalene

Jabi, Talata

Magdalene,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso, kuma na yi dariya kafin na tausaya. Kashe kwamfutar, ki zare wuta, ki buɗe murfin. RAM nawa ne a ciki? Wace lambar gudu ce a jikin takardar kowanne? Daga ina kika samo su? Amsa kawai nake so, ban da tarihin dangi.

Ki gaida Mama.

Sumayyah

Gwagwalada, Talata da yamma

Hajiya sarkin umarni,

Ai tarihin dangin ne amsar. Guda uku ne. Nawa na asali 3200, wanda Rita ƙanwata ta kawo shi ma 3200. Na ukun 2133 ne, na Kawu Yamusa, ƙanin Mama. Kin san mu, in biki ya taso kowa da gudummawarsa, wani doya, wani akuya. Kawu ya ji ana maganar RAM, ya ciro wannan daga tsohuwar kwamfutarsa, ya naɗe a hankici ya kawo da kansa. Na sa nasa a gurbin farko, ai shi ne babba, sauran suka jeru a bayansa.

Kada ma ki ce in cire. Kullum sai ya tambaye ni, "Yaya kayana, yana aiki?"

Magdalene

Jabi, Laraba

Ƙawata,

Ina miki fatan alheri. Wallahi na karanta wa 'yan ofis, mun sha dariya. Kwamfuta ba ta san kawu ba! Idan aka haɗa mai sauri da mai nawa, duk sai su koma tafiyar mai nawan, kamar kin fita kasuwa da kakarki. Wani lokacin ma ba sa jituwa, shi ya sa take mutuwa.

Cire na Kawu. Biyun nan masu lamba ɗaya ki raba su, ɗaya a gurbi na biyu, ɗaya a na huɗu, ki danna har ki ji ƙas. Da kin kunna, shiga BIOS, wato shafin saitin da ke fitowa kafin komai, ki kunna XMP don su yi gudunsu na gaskiya. Ki tabbata ya nuna 3200.

Maganar Kawu kuwa, wannan ba fannina ba ne. Ki zaɓa: ransa ko muryar Divine.

Ki huta lafiya,
Sumayyah

Gwagwalada, Lahadi

Sumayyah tawa,

Allah ya saka miki! Minti goma sha biyu ta gama aikin. Jiya da Divine ya fito a bango ya ce "Mama, ni ne," sai ta miƙe ta nufi bangon da hannu biyu. Ta yi kuka, ta yi rawa, ta sa aka maimaita sau huɗu. Ban taɓa jin daɗi irin na jiya ba.

Kawu kuwa ya bi jama'a kujera kujera yana cewa, "Kun ga ba ta tsaya ko sau ɗaya ba? Kayana ne a ciki." Ni da kayansa ke cikin jakata, na ce, "Sosai, Kawu."

Ya ce akwai wani guda a gida, gobe zai kawo.

Taki har kullum,
Magdalene