Ƙanin Matata Ya Sha Gabana a Wurin Aiki

Hajiya Larai, don Allah ki taimake ni, zuciyata na neman kai ni inda ba na so.

Ina aiki a wani kamfanin rarraba magani a nan Daura. Ni na gina rumbun bayanansu a kwamfuta, ni na rubuta duk umarnin da ke ajiye a ciki, wanda ke fitar da kaya zuwa Mashi da Kongolam. Misbahu ƙanin matata ne. Ni na roƙa aka ɗauke shi, ni na koya masa aikin. Bana ya tattara umarnina da ke warwatse ya ɗaure su ƙunshi guda, ya ƙara abin da muke kira tiriga, wato umarnin da ke tashi da kansa ya hana fitar da maganin da ya lalace. Yanzu manaja ba ya kiran kowa sai shi, shi kuma bai taɓa ambatar sunana a gabansa ba. A gida ma uwar 'ya'yana ba ta da hira sai ta ƙaninta, har tuwo ya daina yi mini daɗi.

To, na gano tirigar ba ta tashi idan kayan da aka dawo da su ne za a sake fitarwa. Ban faɗa ba. Wani sashe na zuciyata yana so abin ya fashe kowa ya gani. Me zan yi?

Mai Ƙunan Rai, Daura

Ɗan'uwa, zafinka ba na banza ba ne. Wanda ya haƙa rijiya aka yabi mai guga, dole ya ji ciwo, kuma Misbahu ya gaza da bai ambaci sunanka gaban manaja ba. Amma yaron bai sace maka komai ba, abin da ka koya masa ne ya yi kyau.

Idan abin ya fashe, ba a kansa zai fashe ba. Wata uwa ce a Mashi za ta ɗura wa ɗanta lalataccen magani. Gobe da safe ka kira shi ku biyu, ka nuna masa ɓarakar, ku gyara, ku gwada da kayan da aka dawo da su, sannan ku shiga wajen manaja tare. Ka kuma gaya wa maiɗakinka abin da ke cin ka, ƙila ta ɗauka yabon ƙaninta yabonka ne.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ƙara zumunci.