Ƙanwata ta narkar da liyarin kakarmu

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zuciyata tafasa take.

Ni matar aure ce a Birni, nan Damagaram. Kakarmu ta bar mini liyari, tsofaffin kuɗin nan na azurfa masu kan Baturiya, waɗanda kakanninmu suka taho da su daga Barno. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake son su, bayan na yi aure kuma na riƙa ƙarawa ɗaya-ɗaya, in na ji wata tsohuwa za ta rabu da nata, har Takieta na taɓa zuwa saboda guda ɗaya. Kowanne na san shi, na san gefen da ya goge, na san hannun da ya fito.

To ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, za ta aurar da 'yarta. Ta zo aro, wai za a zuba su a faifai ranar ƙunshi kamar yadda ake yi a danginmu, a ɗauki foto a maido. Na juye mata duka. Ashe wurin maƙeri ta wuce, aka narke su aka yi wa amarya awarwaro da zobba. Da na je mata ina kuka, dariya ta yi, wai "Haba Yaya, ke mai sallar walha me za ki yi da hoton Baturiya a ɗaki? Ai taimakonki na yi, yanzu mala'iku sa shigo." Inna kuma ta ce in yi shiru, azurfar ai ba ta bar gida ba.

Wallahi ban yafe ba. Niyyata ranar buɗar kai, gaban dangin ango, in kama hannun amarya in zare awarwaron da zobban ɗaya bayan ɗaya, in faɗi inda uwarta ta samo su. Ina son ƙanwata ta ji kunyar da ba za ta ƙara ɗaga kai a Birni ba. Abin da ke karya ni, yarinyar nan a bayana ta girma, Mama take ce mini, jiya ma ta turo mini foton hannunta tana tambaya ko ya yi kyau. Har yanzu ban amsa ba.

Jama'a, ta wace hanya zan rama a kan uwar ba tare da na taɓa 'yar ba? In kuma babu hanya, me zan ce wa yarinyar?