Abin da Ya Hana Yaya Cin Kifi

Zuwa ga yayana, Kwamanda Bashari.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan makwancinka a ƙasar Masar ya yi maka faɗi.

Tun ina saurayi na ji wata magana a kanka. Wai lokacin yaƙin basasa jirginka ya nutsar da na abokan gaba, mutanensu suka watsu cikin teku suna ɗaga hannu, kai kuwa ka ce a bi ta kansu. Wai farfela ta yi ta sara har ruwan ya koma kamar na kwata. Ban yarda ba. Sabo direba da ya fara faɗa mini, da giɓin haƙori ya mutu, kuma hannuna ne ya yi masa shi.

Ina dalilin yarda? Mu 'yan Gumel ne, ruwan rijiya muka sani. Ka tafi ko iyo ba ka iya ba, ka dawo cikin fararen kaya, ƙarti suna sara maka. Inna takan ce, "Allah mai ba ɗan tudu teku."

Abu guda ne ya tsaya mini a rai. Ka daina cin kifi, kai da kake satarsa a tukunyar Inna. In an tambaye ka sai ka ce ƙarni ne. Shekara da shekaru kana bisa teku ƙarni bai kore ka ba, sai a kwano.

Da ciwon ƙodarka ya kawo mu Alƙahira, muka kama ɗaki a unguwar Hayyin Ashir, ni ne mai jinya. Sai ga rikicin ƙasar, damunar nan tasu da ba ruwa sai harsashi. Ranar da yankin namu na Madinat Nasr ya rikice hanyar asibiti ta toshe, ba a yi maka wankin ƙoda ba. Tun safe ake harbi. Ɗaliban da ke hawan ƙasa a benenmu suka shigo da wani Bamisire cikin bargo, harsashi ya tafi da muƙamuƙinsa, jini ya bi matakala. Kana kwance a kumbure, kana faɗa mini sunan kowace bindiga daga ƙararta.

Da azahar ka tashi zaune. Ka dube ni ba ka gane ni ba, ka ɗauke ni matuƙin jirginka. Ka ce, "Na gan su. Na ce maka na gan su. Ƙara wuta." Sai ka riƙe ƙarfen gado, jikinka yana girgiza kamar mota ta hau gargada, kana kuka ba sauti. Ba ka kai ƙarshen makon ba.

Yaya, 'yarka Hajara ta sha tambayata me ya raba babanta da kifi, ina ce mata ƙarni ne. Na tsufa da ɗaukar wannan amsar. Yau na fito da wannan wasiƙa fili, za ta karanta tare da kowa.

Allah Ya gafarta maka, ɗan'uwana. Ya jiƙan waɗanda suka ɗaga maka hannu, Ya jiƙan Sabo. Mutane da yawa sun kawo mini maganar nan na ƙaryata su. Na ƙarshensu kai ne, kuma kai ban taɓa iya ƙaryata ka ba.

Ƙanenka,
Ilu