Ranar da Na Ɗora Aska a Kan Baba

Garhanga, ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayana Jibril,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan zamanka a Tamanrasat. Allah ya tsare mana kai, ya sa albarka cikin nemanka, ya maido ka gida da alheri. Mu nan kowa lafiya lau. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har ta koma yi wa ƴan mata faɗa a bakin rijiya. Matarka Jaratu da yara suna nan ƙalau, Ummusalma ta fara haƙora, duk wanda ya ɗauke ta sai ya sha cizo. Gero ya yi gwargwado bana, mun gode Allah.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda, ga salula a hannun kowa. Na sha kiranka da niyyar gaya maka wata magana, amma da na ji muryarka sai in ɓige da tambayar sanyin garinku. Kunya ce, Yaya. Shi ya sa na ba Mamman direba wannan ya kawo maka.

Ka san tun tafiyarka Kawu Ayuba ke yi wa Baba aski, kuma ka san halin Baba: wanzami ne da ya aske rabin garin nan, amma nasa kan ba hannun da ke taɓa shi sai na gida. To Kawu ya tafi Madawa neman maganin ido, gashi ya taru wa Baba fari fat. A lokacin ne aikinmu na jera duwatsu a tuddan Keita ya ƙare, na dawo na ce wa Baba ina so in ɗauki zabirar wanzanci, ni da na guje ta tun ina yaro. Bai yi mini gori ba. Ya miƙo mini tsohuwar aska da duma, ya ce in shafe shi da kumfar sabulu in riƙa kwashewa har in daina barin ƙarzuwa. Na duƙufa ba wasa, har matata Asiya ta ce ba sauran ƙwarya mai gashi a gidan nan. Da na ga dumana na fita sumul sai kaina ya kumbura. Wata Juma'a da hantsi na ce wa Baba na iya. Ya dube ni, ya dubi hannuna, sannan ya zauna kan tabarma ya cire hula.

Abin da ban sani ba, duma ba shi da fatar da ke motsi. Ta tsoho kuwa sai an ja ta da hagu ta miƙe kafin aska ta bi. Ban ja ba. Ban tsaya gashin ya sha ruwa ya yi laushi ba, don ina ɗokin a ga gwanintata. Na tsayar da aska tsaye maimakon in kwantar da ita, na kuma danna da hannun da ya saba cicciɓar dutse. Na yanke shi a ƙeya, na yanke shi bayan kunne, da na zo gyaran fuska na ƙara masa a kumatu. Wallahi ko motsi bai yi ba. Ni ke zufa, shi yana jan carbi. Da na gama ya ciro magani daga zabira ya shafa, ya ce Allah ya yi albarka, mu tafi masallaci kada mu makara.

A wurin alwala abin ya tonu. Yana cire hula don shafar kai, Maiguwa Yunusa ya gani, ya yi salati, ya tambayi wane marar imani ne ya yi wa Baba wannan aika-aika. Ina tsugune kusa da su da buta, na ji kamar in nutse cikin ƙasa. Kafin in buɗe baki Baba ya yi dariya, ya ce shi ya yi wa kansa da madubi, tsufa ya zo, hannu ya fara rawa. Ni kuwa na sunkuyar da kai na yi shiru. Wannan shirun ne ke cina har yau, ya fi yankan ciwo.

Kai ka san abin da ake nufi in wanzami ya ce hannunsa na rawa. Magana ta zaga gari. Da aka yi wa Maiguwa jika, sai aka ɗauko wani daga Buza ya yi askin suna, a gidan da Baba ya aske uba ya aske ɗa. Ranar Baba ya tashi da wuri ya wasa asakensa kamar kullum, ya zauna a zaure, ba wanda ya aiko. Alhali hannunsa lafiyarsa lau, ko zare ya riƙe ba ya girgiza.

Na same shi ina hawaye, na ce zan je gaban Maiguwa in faɗi gaskiya. Nan ne ya ɓata rai, abin da bai yi ba ranar da na yanke shi. Ya ce in na kuskura bai yafe ba. Ya ce shi ya ci zamaninsa, ko yau ya aje aska ba a ce bai yi ba, amma ni in aka ji na faro da zubar da jinin ubana, ba mai sake zama gabana har in mutu.

Tun daga nan kowace Juma'a sai ya cire hula ya zauna. Yanzu ina jiƙa gashin da ruwan ɗumi in jira, in gyara bakin aska a kan fata, in ja fatar kai da hagu, in bi yadda gashi ya kwanta kafin in komo ta baya a hankali. Shekaranjiya na gama ba ɗigon jini ko ɗaya. Ya shafa kansa da tafi tun daga goshi har ƙeya, ya ce saura bayan kunne. A masallaci kuwa ya daɗe bai maida hula ba, duk wanda ya gaishe shi sai ya ce masa aikin Shu'aibu ne. Mutum biyu sun ce za su zo wurina. Wurinsa har yau ba wanda ya dawo.

Ga dalilin takardar, Yaya. Mutanenmu na zuwa can, za ka ji ana cewa hannun Baba ya mutu. Ya hana ni faɗa wa gari, bai hana ni faɗa wa ɗansa ba. Ina so ko mutum ɗaya bayan ni ya san hannun nan bai taɓa rawa ba. Ka yafe mini, ka kuma sa ni cikin addu'a.

Inna na gaishe ka, da Jaratu da Asiya da Gwaggo Laraba. Ka gaida Hafizu da Mu'awiya. Baba ma na gaishe ka, ya ce ka bar wa kanka gashi in za ka taho, akwai wanzami a gida.

Ƙanenka,
Shu'aibu